Suturar Mahayin Keke a Lokacin Hunturu

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ta ratso Hamadar Sahara, ta kwaso ƙura mai laushi wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake fitowa, ta baza ta a kan ƙasar Hausa har ta dangana da gaɓar teku. A tsakiyar wannan lokaci, wato Disamba da Janairu, awon zafin iska a Kano da asuba yakan sauka zuwa wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, wata rana ma ya gaza 10, a Jos kuwa, wadda take bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, yakan kai wajen 7 a daren da muku-muku ya tsananta. Wanda ya saba da ƙanƙarar Turai zai iya raina waɗannan alƙaluma, sai dai masu hawa keke a ƙasar Hausa, irin su manoman fadama da suke kai kayan gwari kasuwar 'Yankaba, da ma'aikatan masana'antun Sharaɗa da Bompai, da ɗalibai da masu gadin dare, galibinsu suna kan hanya ne a daidai lokacin da sanyin yini yake kai maƙura, wato gab da ɓullowar rana, kuma suturar da suka saba da ita an ɗinka ta ne domin watannin zafi.

Jikin ɗan Adam yana riƙe ɗuminsa na ciki a wajen digiri 37, kuma yana samar da shi ne ta hanyar ƙona abincin da aka ci. Idan mutum yana tuƙa keke, daga cikin ƙarfin da tsokokinsa suke ƙonawa kashi ɗaya bisa biyar zuwa ɗaya bisa huɗu ne kawai yake zama motsi a kan feda, sauran duka zafi yake komawa, saboda haka mahayin da ya yi 'yan mintuna yana taka feda ba ya rasa ɗumi a jikinsa ko da kuwa ana ɗari. Matsalarsa ita ce yadda wannan ɗumi yake zurarewa, kuma abubuwa biyu ne suke kwashe shi, iska daga waje da zufa daga ciki. Duk wata dabara ta sutura a kan keke tana komawa ne ga waɗannan biyun, kuma wanda ya magance ɗaya ya manta da ɗayan bai tsira ba.

Tufafi ba sa haifar da zafi da kansu. Aikinsu shi ne su tsare wata siririyar iska a tsakanin fata da waje, wadda jiki ya riga ya ɗumama, domin iskar da take tsaye wuri ɗaya ba ta saurin watsa zafi. Da zarar iska mai gudu ta ratsa saƙar yadi, ko ta kutsa ta wuyan riga da bakin hannu, sai ta kore wannan ɗumammiyar iska ta maye gurbinta da mai sanyi, jiki ya sake ɗumama sabuwar, ita ma a kore ta, haka nan ba ƙaƙƙautawa. Masana suna auna wannan da abin da ake kira ma'aunin cizon iska, wato lissafin da yake nuna irin sanyin da fata take ji idan an haɗa awon zafi da gudun iska, kuma asalinsa gwaje-gwajen da Paul Siple da Charles Passel suka yi ne a yankin ƙanƙara na Antatika, waɗanda aka buga sakamakonsu a 1945, kafin hukumomin yanayi na Amurka da Kanada su sabunta lissafin a 2001. Mahayin keke yana ƙirƙirar tasa iskar ko da gari ya yi tsit. Idan yana gudun kilomita 15 a sa'a, kuma hunturu yana tunkararsa da gudun kilomita 20, iskar da take dukan ƙirjinsa ta kilomita 35 ce, kuma bisa wancan lissafi digiri 10 zai zame wa fatarsa kamar 6, digiri 7 na Jos kuwa ya koma kamar 2. Alkiblar tafiya ma tana da tasiri, domin wanda ya taso daga Gezawa zuwa cikin Kano iskar tana bayansa, amma a komawa fuska da fuska za su yi.

Zufa ta fi iska yaudara, domin mutum ba ya ɗaukarta a matsayin abokiyar gaba sai ta gama aikinta. Ruwa yana ɗauke zafi daga jiki fiye da iska da kusan ninki 25, saboda haka rigar da ta jiƙe ta daina tsare ɗumi, ta koma hanyar fitar da shi. Bayan haka kuma, yayin da ruwan yake bushewa yana tafiya ne da zafin fatar da yake kai, kamar yadda randar ƙasa take sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafar da yake yi a jikinta iska tana busarwa. A hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, don haka bushewar tana da sauri, sanyayarwar kuma tana da ƙarfi. Daga nan ake gane kuskuren da ya fi yawa a kan tituna da safe, wato mutum ya sa singiletin auduga, ya ɗora ƙatuwar rigar sanyi mai kauri a kai, ya zuge zif har haɓa. A ƙofar gida yana jin daɗi, bayan ɗan tuƙi kaɗan bayansa ya jiƙe sharkaf, audugar ta shanye zufar ta riƙe, sa'an nan da ya tsaya a shatale-tale ko ya fara gangara sai ya ji sanyin da ya fi wanda ya gudar wa.

Maganin wannan shi ne sutura hawa-hawa, wato a sa tufafi marasa kauri guda biyu ko uku, kowanne da aikinsa, maimakon guda ɗaya mai nauyi. Rigar da take manne da fata ita ce ta fi muhimmanci, ita ce kuma aka fi sakaci da ita. Aikinta ta janye zufa daga fata ta miƙa ta waje ba tare da ta riƙe ta ba, kuma yadi biyu ne suke yin haka da kyau. Na farko shi ne foliyesta, zaren roba da ake saƙa jesin 'yan ƙwallo da shi, wanda bai cika shan ruwan da ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, shi ya sa yake bushewa nan da nan. Jesi mai dogon hannu wadda ta kama jiki ba tare da ta matse ba ta wadatar, ga ta da araha, ana kuma samunta a kowace kasuwa. Na biyu shi ne ulu, wato zaren gashin tumaki, wanda yake iya shan danshi har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kafin a ji shi a jiƙe, yana kuma riƙe ɗumi ko da ya yi laima. Mai saye a wurin 'yan gwanjo, a Ƙofar Wambai ko wata kasuwa, ya kamata ya duba 'yar takardar da aka ɗinka a wuyan rigar ko a gefenta ta ciki, wadda take faɗin irin zaren, domin hannu kaɗai ba ya rarrabe auduga mai laushi da ulu mai kyau. Auduga tana da ranarta a watan Afrilu, amma a Janairu ba ta dace da fatar mai tuƙi ba.

Riga ta tsakiya ita ce mai tara ɗumi, kuma suwaita ta ulu ko ta zaren roba mai gashi-gashi ce take wannan aiki. Wadda take da zif a gaba ta fi wadda ake zurawa ta ka, domin ana iya buɗe ta a kan tafiya, kuma sirara biyu sun fi mai kauri ɗaya, tun da ana iya cire guda idan hantsi ya yi. A Kano ko Zinder suwaita ɗaya mara nauyi takan isa, a Jos ko Gembu kuwa da asuba ana iya buƙatar biyu. Akwai kuma batun kaftani, wanda mafi yawan masu zuwa ofis da makaranta da kasuwa ba za su iya barinsa a gida ba. Shadda da yadin kaftani ba su da wani abin kirki na tsare ɗumi, kuma ɗinkin da kansa, da faɗin hannunsa da buɗaɗɗen wuyansa da sakakken ƙasansa, an yi shi ne domin iska ta shiga ta fita. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a sa jesi da suwaita a ƙarƙashinsa, a tattare ƙasansa a zauna a kai ko a cusa shi cikin wando, a ɗora rigar tare iska a sama. Babbar riga kuwa wurinta jaka a kan kariya, a ninke ta sai an isa a sa.

Riga ta waje aikinta ɗaya ne, ta tare iska, kuma ba ta buƙatar kauri ko kaɗan. Jaket na nailan mai sauƙi, wanda za a iya dunƙule shi a sa a aljihun jaka, ya fi kwat mai nauyi amfani. Ana gwada yadin tun a kasuwa: mutum ya kara shi a bakinsa, ya sa tafin hannu a ɗaya gefen, ya hura da ƙarfi, idan ya ji numfashin a tafinsa sosai, hunturu ma zai wuce, idan kuwa da ƙyar ya ji ɗan ɗumi, yadin ya yi. Rigar ruwa ta leda tana tare iska gaba ɗaya, amma tana kulle zufa a ciki har ta riƙa gangarowa, don haka ba ta dace da tafiyar da ta wuce 'yan mintuna ba. Tun da iskar gaba take duka, ƙirji da ciki da kafaɗu ne suke buƙatar kariya, bayan kuwa gara a bar masa hanyar fitar da tururi, shi ya sa rigunan da ake ɗinka wa masu tseren keke sukan zo da yadi mai tsauri a gaba da mai raga-raga a baya. Wanda ba shi da jaket yana da wata tsohuwar dabara ta masu tseren Tour de France a Faransa, waɗanda sukan karɓi jarida daga 'yan kallo a ƙololuwar dutse kafin su fara gangara. Ana ninka shafuka uku ko huɗu gida biyu, a shimfiɗa su a ƙirji daga ƙasan wuya zuwa cibiya, a saman jesi kuma a ƙarƙashin suwaita, a cusa ƙasansu cikin ƙugun wando don kada su zame. Takardar tana tare iska, tana shan danshi, in rana ta yi a zare ta. Sauran aikin shi ne toshe ƙofofi. A rufe wuya, a cusa riga cikin wando, a ɗaure bakin hannun da ya yi faɗi da zoben roba da aka yanko daga tsohon tiyub, wanda kowane mai faci zai bayar kyauta, a kuma ɗaure ƙafar wando ta dama da irinsa domin kada sarƙa ta kama ta.

Sa tufafin rabin aiki ne, sauran rabin sarrafa su a kan hanya. Ƙa'idar da masu dogon tuƙi suka yarda da ita ita ce mutum ya fita yana jin ɗan sanyi, domin wanda ya ji ɗumi sosai tun kafin ya hau ya sa kaya fiye da kima, kuma cikin minti goma zai fara zufa. Ana buɗe zif ne tun kafin zufar ta karyo, da zarar an ji ɗumi ya taru a baya da hammata, a kuma rage gudu kaɗan idan ya zama dole. A ƙasa mai hawa da gangara kamar Filato abin ya fi buƙatar lura, domin a hawa jiki yana aiki tuƙuru iska kuma kaɗan ce, a gangara kuwa ƙafa ta daina aiki gudun kuma yana iya kai kilomita 40 a sa'a, saboda haka a buɗe gaba a gindin tudu, a zuge shi a samansa kafin keken ya ɗauki gudu. Tarihin tsere yana da misali sananne a kan haka: ranar 5 ga Yuni 1988, a gasar Giro d'Italia, mahaya sun haura mashigin dutsen Gavia mai tsayin fiye da mita 2,600 cikin dusar ƙanƙara, kuma gangarar ce ta fi galabaitar da su, yayin da Ba'amurke Andy Hampsten, wanda ƙungiyarsa ta tanadar wa mahayanta safar hannu da huluna masu ɗumi tun kafin a tashi, ya karɓe jagorancin gasar a ranar, daga baya kuma ya lashe ta.

Hannu ne yake fara shan wahala, kuma akwai dalili. Idan jiki ya ji sanyi, jijiyoyin jini na fata da na gaɓoɓin nesa sukan tsuke domin a tattara ɗumi ga zuciya da huhu da sauran kayan ciki, sai yatsu su rasa jinin da yake ɗumama su, ga su kuma a gaba suna karɓar iska, a kan tsofaffin kekuna irin Raleigh da Phoenix ma suna riƙe da birki na ƙarfe tsura. Yatsun da suka sandare ba sa matse birki da sauri, don haka safar hannu ta shiga cikin kayan tsaro. Ta saƙa zalla iska tana ratsa ta. Wadda ta fi ita ce mai fata ko nailan a waje da laushi a ciki, mara matsi, domin matsi yana ƙara hana jini gudu. Kafin a saya a sa ta a dunƙule hannu a buɗe, a tabbata yatsu suna lanƙwasa sosai kuma tafin ba ya santsi. Al'adar tuƙi da hannu ɗaya ɗayan yana aljihu, ko janyo hannun suwaita a rufe yatsu da shi a kama kan keke, tana jefa mutum cikin haɗari a hanya mai yashi ko ramuka. Wanda zai fita bayan sallar asuba kuma ya goge ruwan alwala tas daga hannu da fuska da tsakanin yatsun ƙafa kafin ya sa safa, domin ɗan danshin da ya rage ya isa ya sa fata ta yi sanyi ta kuma tsattsage.

An daɗe ana cewa rabin zafin jiki ta kai yake fita, alhali kai bai wuce kusan kashi 10 cikin ɗari na faɗin fatar baligi ba, kuma zafin da yake fitarwa bai yi nisa da wannan kaso ba. Abin da yake gaskiya shi ne fuska da kunne suna da saurin jin sanyi, kuma su ne aka fi bari a buɗe. Ƙube da zanna ba sa rufe kunne, iska kuma tana iya fizge su, don haka hular sanyi ta saƙa wadda take sauka har kan kunnuwa ita ce ta hanya, ta ado ta jira a jaka. Mai sa hular kwano ya nemi siririyar hula da za ta shiga ƙarƙashinta ba tare da ta ɗaga ta ba. Rawani da amawali, wato ɓangaren da ake ja a rufe baki da hanci, kamar yadda Buzayen Agadas suke naɗa shi, yana tare iska da ƙura da kyau, yana kuma rufe wuya, muddin an cusa jelarsa cikin riga ba a bar ta tana lilo kusa da taya ba. Hular da take haɗe da jaket ba ta da kyau a kan titi, domin tana toshe ganin gefe idan an waiwaya, tana kuma rage jin ƙarar motar da take tafe a baya. Takunkumi yana ɗumama iskar da ake shaƙa ya kuma rage ƙura, abin da masu asma suka fi kowa buƙata, sai dai numfashi yana jiƙa shi, don haka a riƙe na biyu. Tabarau mai farin gilashi yana hana ido hawaye da asuba, man kaɗanya ko basilin kuma a leɓe da gefen hanci da bayan hannu yana hana fata fashewa.

Ƙafafu suna aiki, saboda haka ba sa buƙatar abu mai yawa. Siririn wando mai kama jiki a ƙarƙashin na sama ya isa ya rufe gwiwa, wadda take gaba kuma ba ta da tsoka mai kauri a kanta. Tafin ƙafa da yatsunta kuwa ba sa motsi a kan feda, don haka silifa ba ta da wuri a nan. Takalmi sau-ciki da safa ɗaya mai kauri sun fi safa biyu da aka danna cikin takalmi matsattse, kuma a ranar da ɗari ya yi tsanani ana iya yanko ɗan gutsuren leda a lulluɓe yatsu kaɗai a saman safar.

Wanda aka goya a kan kariya yana cikin wani hali dabam, domin yana shan iska ba tare da yana taka feda ba, kuma idan yaro ne jikinsa ya fi na babba saurin rasa ɗumi saboda ƙanƙantarsa. Uban da yake kai 'ya'yansa makaranta da safe bai kamata ya auna sanyin da nasa jikin ba. Yaron yana buƙatar ƙarin riga ɗaya a kan abin da mahayin ya sa, da hula da safa da rufaffen takalmi. Dogon hijabi da mayafi da zani suna buƙatar a tattare su a zauna a kai, ga mace mai tuƙi da wadda aka goya, domin yadin da ya shiga tayar baya yana iya fizgo mutum ƙasa. Hazo kuma yana rage gani, wata rana har ya hana jirage sauka a Kano, saboda haka jaket mai launi mai haske, kamar ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, ya fi baƙi ko ruwan toka, tare da fitila a gaba da jan madubi mai ƙyalli a baya. Ciki ma yana da rabonsa, tun da abinci ne makamashin ɗumin: koko ko kunu ko shayi mai zafi kafin fita yana taimakawa, kuma a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba, domin busasshiyar iska tana kwashe ruwan jiki ta numfashi da fata ba tare da an lura ba.

Da an isa, abu na farko shi ne a cire rigar ciki idan ta jiƙe a sa busasshiya, domin sanyi ya fi kama mutum a mintunan da suka biyo bayan tsayawa, lokacin da tsoka ta daina samar da zafi zufa kuma tana nan. Idan ɗumin cikin jiki ya faɗi ƙasa da digiri 35 an shiga yanayi mai haɗari, kuma alamominsa su ne makyarkyata mai ƙarfi, da sarƙewar harshe, da kasa ɓalle maɓalli ko riƙe makulli, da ruɗewa. Irin wannan mutum a kai shi inda babu iska, a canza masa tufafi, a lulluɓe shi da bargo, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari idan yana cikin hayyacinsa, a garzaya da shi asibiti idan ruɗewar ta ci gaba ko makyarkyatar ta tsaya alhali jikin yana da sanyi. Hannun da ya mutu da sanyi ba a kara shi a wuta kai tsaye, domin ba ya jin ƙuna sai ta auku. A sa shi a hammata ko a ruwa mai ɗumi kaɗan. Kaskon garwashi kuma ba a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga, saboda gawayi yana fitar da iskar guba mara wari wadda take kisa cikin barci.

Da azahar zafin Kano a Janairu yakan kusanci digiri 30, don haka kayan safe duka za su koma jaka, kuma a shanya jesin da ta jiƙe tun da hantsi domin mai komawa gida bayan magariba zai sake buƙatarta. Ƙurar hunturu tana cika ramukan saƙa ta rage musu iskar da suke tsarewa, saboda haka a riƙa kaɗe suwaita kullum, a wanke ta ulu da ruwan sanyi ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa ta a kwance a inuwa don kada ta miƙe ko ta tsuke. Jesi da jaket na nailan kuwa a nisanta su da murhu da dutsen guga mai zafi, domin zaren roba narkewa yake yi.